Yadda ake kulle saƙo da yadda ake ɓalle shi: daga kwalin mai kanti zuwa wayar dillalin Maigatari

Ranar Alhamis a karar Maigatari, inda shanu da raƙuma da tumakin Nijar ke haɗuwa da masu saye daga kudu, ciniki kan faɗa ba tare da an ƙirga ko takarda ɗaya ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dillalai da yawa suka saba da tsayawa gaban mai POS ko danna waya su jira alat. Duk kuɗin da ya bi ta wannan hanya a kulle yake tafiya, cikin wani rubutun sirri da dillali bai taɓa gani ba. Tushen wannan sana'a kuwa ana iya koyonsa da biro da bayan kwalin sukari, kuma wanda ya taɓa ɓalle saƙon sirri da hannunsa sau ɗaya ya fi kowa gane dalilin da ya sa ɗan damfara ke kiran waya yana roƙon lamba shida.

Bahaushe ba baƙon ɓoye magana ba ne. Yara da 'yan mata sun daɗe suna zaurance, a cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi" ta koma "zodo mudu tadafidi", ko a juya kalmar, gida ya zama "dagi". Amma zaurance ba shi da mabuɗi, hanya ce kawai, kuma ranar da uwa ta kasa kunne ta gano hanyar, shi ke nan an gama. Rubutun sirri na gaske abu biyu ne: hanya, wadda kowa zai iya sani, da mabuɗi, wanda ke hannun mutum biyu kawai, ana kuma iya canja shi gobe.

Gwaji mafi sauƙi shi ne na farashi, tsohuwar dabarar 'yan kasuwa a ƙasashe da dama. A ɗauka mai kanti a Sule Tankarkar yana son rubuta kuɗin sarin kowane kaya a jikin kwalinsa, yadda shi zai duba ya san inda zai tsaya in ana taya masa, mai saye kuma ya kalla bai fahimci komai ba. Zai nemi kalma ko kalmomi masu haruffa goma da babu wanda ya maimaitu. A Hausa wannan aiki ne, saboda wasalin a ba ya barin kalma ta huta, amma akwai wadda ta dace kamar an auna: "Sarkin Gumel". Haruffa goma sha ɗaya ne, kowanne daban. Sai s ta zama 1, a 2, r 3, k 4, i 5, n 6, g 7, u 8, m 9, e kuma sifiri. Ragowar l sai a ba ta aikin cewa "maimaita lambar da ta gabata", don kada a riƙa ganin harafi ɗaya a jere. Kayan da aka saro naira 2,500 sai a rubuta "aiel", na 7,800 kuma "guel".

Yaron kanti mai wayo ba zai yi wata guda bai kwance wannan ba, kuma yadda zai yi shi ne ainihin darasin. Zai lura kusan kowane kwali da "el" yake ƙarewa, ya kuma san farashi da sifiri biyu yake ƙarewa, to ya sami biyu. Zai ga i tana yawan zuwa kafin su, ya tuna ɗari biyar ta fi kowace ɗari yawa a bakin 'yan kasuwa. Ran da ya raka maigida sari kasuwar Singa a Kano, ya ga an biya 12,400 an dawo an rubuta "sakel", ya sami s da a da k. In ya jera abin da ya samu, 1 s, 2 a, 3 babu, 4 k, 5 i, ko ɗan firamare zai cike gurbin ya ce sarki, sauran kuma su biyo da kansu. Bai saci takardar maigida ba, al'adar maigida ya ƙirga.

Musayar harafi da lamba ma tsohon abu ne a hannun malaman ƙasar nan. A lissafin abajada kowane harafin Larabci yana da adadinsa, kuma marubuta waƙoƙin ajami sun saba rufe waƙa da ramzi, kalma guda wadda in aka tara haruffanta sai shekarar da aka yi waƙar ta fito. A nan ma akwai tarko. Malaman Hausa da Barno tsarin Magrib suke bi, inda shin ke nufin 1000, alhali a tsarin Gabas 300 ce. Shekarar 1218 ta Hijira, wadda a cikinta Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, za a rubuta ta da shin da ra da ya da ha ƙarami: dubu, ɗari biyu, goma, takwas. Ɗalibin da ya karanta ta da tsarin Gabas zai sami 518, ya ɓata da shekara ɗari bakwai cif. Ramzi ba don ɓoye wa maƙiyi aka yi shi ba, ado ne da taimakon hadda. Haka ma hatimin da Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan yadda ake gina shi a 1732: lissafi ne na jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ba hanyar aika saƙo ba. Sai dai hannun da ya saba da irin wannan ƙirge ba zai sha wuya da abin da ke tafe ba.

Mataki na gaba shi ne kulle jimla sukutum. Hanyar da aka ce Yuliyas Kaisar na Rum yana amfani da ita ita ce gusa kowane harafi gida uku gaba. A ɗauki haruffa 26 na kan waya: a ta koma d, b ta koma e, haka har ƙarshe, in an kai z a zagayo farko. Saƙon "kawo shanu Maigatari ran Alhamis" zai fito haka: ndzr vkdqx pdljdwdul udq dokdplv. A ido kamar kaza ta yi tonon ƙasa. To amma a ƙirga. Haruffan 28 ne, takwas daga ciki d ne, kuma babu wanda ya kama ƙafarta. Duk mai jin Hausa ya san harafin da ke da irin wannan rinjaye, a ne. Daga a zuwa d gida uku, sai a mayar da kowa baya gida uku, saƙon ya buɗe cikin minti biyu.

Wanda ya fara rubuta wannan dabara ta ƙirga haruffa, a iya abin da ya iso hannun masana, shi ne Abu Yusuf Ya'aƙub al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9. Risalarsa a kan fito da ɓoyayyen rubutu ta kwanta cikin ɗakin littattafai a Istambul shekaru aru-aru, sai a 1987 wasu masana suka buga ta a Dimashƙa. Abin da ya koyar shi ne a sami dogon rubutu a harshen da ake zato, a ƙirga sau nawa kowane harafi ya zo, sannan a ƙirga alamomin saƙon sirrin, a gwama mafi yawa da mafi yawa. A Larabci alif da lam ne ke gaba.

Mai kulle saƙo zai iya cewa to ba zai gusa ba, zai hautsina haruffan ne gaba ɗaya, a ta zama q, b ta zama m, babu tsari. Yawan hanyoyin hautsina haruffa 26 adadi ne mai lambobi 27, ba mai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka saƙon Hausa mai layi biyar ko shida ba ya tsira, domin Hausa harshe ne mai tona kansa. Mai ɓallewa zai fara da alamar da ta fi yawa ya sa mata a. Sannan ya duba ƙananan kalmomi masu harafi biyu da ke ƙarewa da wannan alama: da, na, ta, ya, ba, kuma wadda ta fi yawan zuwa tsakanin kalmomi galibi "da" ce. Zai duba ƙarshen kalmomi, tunda mafi yawansu da wasali suke ƙarewa, in ba wasali ba to n ko r, nan take ya ware wasula biyar daga baƙaƙe. Alamomi biyu da ke yawan manne da juna zai zarge su da sh ko ts. Aikin fensir ne da abin gogewa, ana zato ana sokewa, kuma lokacin da kalma ta farko ta fito sarai, sauran kan zubo kamar an kwance bakin buhu.

Babban abin da ke kashe Bahaushe a nan ladabinsa ne. Ba ya iya fara takarda sai da sallama, ya bi da "bayan gaisuwa mai yawa", ya rufe da "wassalam". Wanda ya zaci haruffa goma sha biyar na farko "assalamu alaikum" ne, ya sami a, s, l, m, u, i da k kyauta tun bai fara gumi ba. Kada a ce wannan sakacin ƙauye ne. Sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu suna da na'urar Enigma mai canja tsarin haruffa da kowace dannawa, amma rahoton yanayi da suke aikawa kullum da kalmomi iri ɗaya ya zama igiyar da Alan Turing da abokan aikinsa a Bletchley Park suka riƙa ja, bisa aikin da Marian Rejewski na ƙasar Folan ya fara a 1932. Tun kafin su, a 1586, wasiƙun sirrin Sarauniya Maryamu ta Sikotlan sun faɗa hannun wani Thomas Phelippes, ya kwance su, aka fille mata kai a Fabrairun 1587.

Saboda haka mai son gyara aikinsa zai cire gaisuwa, ya haɗe kalmomi babu tazara, sannan ya daina gusawa da adadi ɗaya. A zaɓi mabuɗi mai lambobi, misali 2, 5, 3, a rubuta shi a ƙarƙashin saƙon ana maimaitawa: harafin farko ya gusa biyu, na biyu biyar, na uku uku, na huɗu a koma biyu. "Kawo shanu" ta zama mfzqxkcsx. Yanzu a ta farko ta koma f, ta biyu ta koma c, x kuwa tana wakiltar s a wani wuri, u a wani. Ƙirgen al-Kindi ya rikice. Turawa sun yi kusan shekara ɗari uku suna ɗaukan irin wannan tsari, wanda aka laƙaba wa sunan Vigenère, a matsayin wanda ba ya ɓalluwa, har Friedrich Kasiski ya buga maganinsa a 1863. Maganin kuwa shi ne a nemi guntayen da suka maimaitu a auna tazararsu. In tazarar tana yawan rabuwa da uku, mabuɗin lamba uku ne, sai a kasa haruffan kashi uku, a kowane kashi a nemi wanda ya fi yawa a ce masa a. An koma gidan jiya.

Mabuɗin da tsawonsa ya kai tsawon saƙon, wanda aka samo da ƙuri'a, aka kuma yi amfani da shi sau ɗaya tak aka ƙone, shi kaɗai ne lissafi ya tabbatar ba ya ɓalluwa, kamar yadda Claude Shannon ya nuna a takardarsa ta 1949. Matsalarsa a fili take: yaya mai riɗi a Gagarawa zai kai wa mai saye a Legas irin wannan mabuɗi kafin kowace magana?

Wannan tambaya ta yadda za a raba mabuɗi ita ta dami masu sana'ar har 1976, lokacin da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da wata shawara, Rivest da Shamir da Adleman kuma suka gina tsarin RSA a kanta a 1977. Misalinta kwaɗo ne. Mai saye a Legas ya sayi kwaɗuna iri ɗaya, ya raba su a buɗe ga duk mai so, ya riƙe ɗan makullin a aljihunsa. Mai riɗi ya sa takarda a akwati, ya danna kwaɗon, ya ba direba. Kowa na iya kullewa, har direban, amma mutum ɗaya ne ke iya buɗewa, kuma ɗan makullin bai taɓa hawa mota ba. Kwaɗon a nan lissafi ne mai sauƙin shiga da wuyar fita. Ninka 89 da 97 aikin minti ɗaya ne, a sami 8,633. A miƙa wa wani 8,633 a ce ya faɗi lambobin da aka ninka, sai ya zauna yana gwaji. Mabuɗin RSA da aka saba amfani da shi yau lamba ce mai tsawon lambobi 617. Wadda masu bincike suka samu suka farke a 2020 mai 250 ce, ita ma sai da aka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu yawan gaske.

Hanyoyin zamani galibi a buɗe suke, an buga su kowa ya karanta. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa sharaɗin cewa tsari ya zama wanda ko ya faɗa hannun abokin gaba babu asara muddin mabuɗi na nan. AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, wasu 'yan Beljiyam biyu ne suka ƙirƙira, aka baje shi a gasa masana suka yi ta dukansa bai fashe ba. Wanda aka ɓoye kuwa, kamar A5/1 da ke kulle kiran waya a tsohon layin GSM, da asirinsa ya fito sai aka tarar ba shi da ƙwari. Shi ya sa duk mai tallar wata manhaja da ya ce tsarin kullewarsa sirrin kamfani ne, ya cancanci a yi masa kallon mai sayar da maganin bindiga da ya ƙi a gwada a jikin akuya.

Tun Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya. Ɗan damfarar da ke son asusun dillali ba zai tsaya fasa wannan ba, ba zai iya ba. Zai yi abin da yaron kanti ya yi, ya bi al'ada. Zai sa lambar dillalin a tasa wayar, kamfanin ya aika lamba shida ta tes zuwa layin mai ita, shi kuma ya kira da murya mai daɗi ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne, za a yi taro ta intanet, a karanto masa lambar da ta shigo don a yi rajista. Wannan lamba ita ce ɗan makullin. Da an karanta, asusun ya koma hannunsa, ya shiga aika wa 'yan'uwa da abokan ciniki cewa a tura masa dubu hamsin zuwa yamma. Rigakafin yana cikin manhajar: a shiga saituna, a shiga sashen asusu, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi wata lamba shida da mutum ya ƙirƙira da kansa. Haka lambar OTP ta banki take, babu ma'aikacin bankin da aikinsa ya buƙaci a karanta masa ita, ko da ya faɗi sunan mutum da BVN ɗinsa daidai.

Lambar katin banki huɗu ce, wato zaɓi 10,000, kuma abin da ke tsare ta shi ne na'ura kan rufe bayan kuskure uku. To amma mutane ba sa zaɓe da ƙuri'a. Wani mai nazarin alƙaluma, Nick Berry, ya duba lambobin sirri masu huɗu sama da miliyan uku da suka fallasa, a 2012, ya tarar kusan ɗaya cikin goma 1234 ce, shekarun haihuwa masu farawa da 19 kuma sun cika jerin. Ɓarawon da ya tsinci walat mai kati da katin zaɓe a ciki ya sami ranar haihuwa a rubuce. Lambar da ta dace ita ce wadda ba ta da alaƙa da haihuwa, aure, lambar waya ko lambar babur, kuma a gaban mai POS mutum ya karɓi na'urar ya danna da kansa, ɗaya hannun yana rufe. Dattijon da ke miƙa kati ya faɗi lambar da baki a tsakiyar kara ya sanar da mutum goma. Inda ake buƙatar kalmar sirri kuwa, tsawo ya fi ƙawa: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangi da juna, irin su tulu, raƙumi, shuɗi, ƙwarya, sun fi sunan ɗa da aka liƙa wa 123, da sharaɗin kada su zama karin magana ko baitin da kowa ya haddace, kuma kada a yi amfani da su a wuri biyu.

Akwai kuma rabin sana'ar da ba ɓoyewa ba ne, tabbatarwa ne. Sarakunan da suna buga hatimi a kan wasiƙa don mai karɓa ya san daga fada ta fito. Tes ɗin alat ba shi da irin wannan hatimi, ana iya ƙirƙirar sa da sunan banki a sama. Kafin a kwance igiyar sa a miƙa, mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa ko ya danna lambar duba asusu a wayarsa ya ga kuɗin sun zauna, kada ya dogara da hoton rasit a wayar mai saye.

Wurin da aka fi sakaci shi ne sim. Wayar na iya zama a kulle da zanen yatsa, amma ɓarawo ya zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya, tes ɗin banki ya riƙa shigo masa. Kowane sim yana da nasa makulli a cikin saitunan tsaro na waya. In an kunna shi, duk wayar da aka sa sim ɗin sai ta nemi lamba, kuskure uku ya rufe, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, ita ma kuskure goma ya kashe sim ɗin gaba ɗaya. Don haka wannan kati a ajiye shi gida cikin takardun gona, tare da lambar da bankin mutum ya tanada don rufe asusu daga kowace waya. In waya ta ɓata ranar kasuwa, a ari ta maƙwabci a rufe asusun banki tukuna, sannan a kira kamfanin layi a toshe sim, a sanar da 'yan'uwa kada su tura wa kowa komai. Zuwa ofishin kamfanin da lambar NIN don a dawo da layin na iya jira har wayewar garin Juma'a.